Yadda Ake Farfaɗo da Akwatin Hita na Chevrolet Camaro 1968

Idan ka shiga tsohuwar Camaro ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, ka taɓa kafet ɗin gefen fasinja ka ji shi da danshi, gilashin gaba kuma yana yin wani hazo mai maiƙo da tsumma ba ya gogewa, to ƙaramin lagireton da ke cikin akwatin hita ya fara yoyo. Wani lokaci ba yoyo ba ne, sai dai ka kunna fanka ta watso maka garin soso da busasshen ganye a fuska, ko ka ja madannin zafi zuwa ƙarshe amma iska ta ci gaba da fitowa da sanyinta. Yawanci maganinsu ɗaya ne, a sauke akwatin a gyara shi tun daga tushe.

Na zaɓi Camaro ta 1968 marar na'urar sanyi, ɗaya daga cikin motocin Amurka masu ƙaton inji da Chevrolet ta fara fitarwa a watan Satumban 1966, ana haɗa su a Norwood ta jihar Ohayo da Van Nuys ta Kalifoniya. Na 1967 da 1969 tsarinsu kusan ɗaya ne da wannan. Wadda ke da na'urar sanyi daga kamfani akwatinta daban ne, ya fi girma ya fi rikici, kada ka bi wannan bayani a kanta.

A ƙasarmu abin da bakanike ya saba yi shi ne ya cire tiyo biyun hita ya haɗa bakinsu, ya ce ai ba mu da sanyi. Wannan dabara tana fitar da mutum kunya a hanya, amma ba gyara ba ce. Duk wanda ya tuƙa mota da asuba a Jos lokacin hunturu, ko ruwan Agusta ya tare shi gilashi ya yi gumi daga ciki, ya san amfanin iska mai zafi a kan gilashi. Mota mai shekara fiye da hamsin kuma darajarta tana cikin kasancewar kowane abu nata yana aiki yadda aka ƙera shi.

Ka fara sanin yadda abin yake

Akwatin gida biyu ne, bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota yana tsakaninsu. Na waje yana ɓangaren inji a hannun dama, shi ke riƙe da motar fanka, kuma kansa ya shige bayan madigadi. Na ciki yana ƙarƙashin dashbod, ƙarfe ne mara kauri, a cikinsa ƙaramin lagireto yake, tare da ƙofofi uku. Ta farko tana buɗe wa iska hanya, ta biyu tana raba iskar tsakanin wadda za ta ratsa lagireto da wadda za ta kewaye shi, ta uku tana tura iska sama zuwa gilashi ko ƙasa zuwa ƙafa. Kowace ƙofa kebul ne ke jan ta daga madannan dashbod.

Ka riƙe wannan: a wannan mota ruwan zafi ba ya daina zagayawa cikin ƙaramin lagireto, ko ka kunna hita ko ba ka kunna ba. Babu famfon da ke tsayar da shi. Ƙofar nan ta biyu da soson da ke bakinta su kaɗai ne tsakaninka da zafin. Shi ya sa idan soson ya ruɓe za ka ji ƙafarka tana gasuwa a tsakar rana alhali komai a kashe yake.

Kayan aiki

Notocin wannan mota na inci ne, ba na milimita ba. Sifanun da muka saba da su na motocin Japan za su shiga kamar sun yi daidai, sai ka murɗa su cinye kan noti. Ka nemi saiti na inci, daga 1/4 zuwa 9/16, da doguwar sanda da gwiwa mai lanƙwasa. Sai sukudireba, filaya, reza mai kaifi, buroshin waya, samfefa, man sassauta tsatsa, baho mai tsabta, ledoji da biro na rubutu a kansu, safar hannu da takunkumi.

Abin da za ka yi odarsa tun kafin ka taɓa motar: saitin soso da roba na akwatin, wanda aka yanka daidai da wannan ƙira, da baƙin danƙon nan mai kama da igiya da ake liƙe bakin akwati da shi, wanda 3M ke sayarwa da sunan Strip-Calk. Kamfanoni irin su Classic Industries da National Parts Depot a Amurka suna da su. Sai gam na fesawa mai jure zafi, fenti na share fage, baƙin fenti mai matsakaicin ƙyalli, tiyo biyu sababbi, ɗaya mai faɗin 5/8 na inci ɗaya 3/4, da ɗamarunsu.

Idan har za ka sayi sabon ƙaramin lagireto, ka duba injinka tukuna. Na mota mai ƙaramin bulok, wato gangar jikin inji, kamar inji 327 da 350, bututunsa suna fitowa kusa da inji. Na mai babban bulok, 396, an matsar da su waje wajen madigadi saboda injin ya cika wurin, murfin waje ma daban yake. Ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya, kuma dawo da kaya Amurka ba ƙaramin aiki ba ne.

Sauke akwatin

Inji ya huce sarai. Cire kan batir na baƙar waya, wato na negatif. Buɗe marfin lagireto, ka kwance mazubin ƙasa ka tari ruwan a baho. Ba dole sai ka zubar da shi duka ba, ya dai sauka ƙasa da bututun hita. Idan ruwan mai magani ne, ka rufe bahon ka ɗauke shi nesa. Sinadarin da ke ciki yana da zaƙi a baki, kuma guba ne mai lalata ƙoda. Yaro ko akuya ko kyanwa za su iya sha.

Yanzu tiyo. Nan ne mutane da yawa ke kashe lagireton da lafiyarsa ƙalau. Roba da ta shekara ashirin a kan bututu ta zama kamar jiki ɗaya da shi, bututun kuma dalma ce kawai ta riƙe shi a jikin tanki. Ka kama da filaya ka murɗa, sai dalmar ta tsage. Kwance ɗamarar, ka sa reza ka tsaga tiyon a tsaye, a hankali kada ka ƙarci bututun, sannan ka ɓare shi kamar ɓawon rake. Tiyo ba shi da tsada. Toshe bakin bututun biyu da tsumma ko toto, domin sauran ruwan da ke ciki zai tsiyaye a kafet lokacin da ka karkata akwatin.

Koma cikin mota. Shimfiɗa leda da tsohon tawul a ƙasa. Cire marfin aljihun dashbod da kwalin da ke cikinsa, a hankali domin kwalin ya bushe, yana karyewa. Ta wannan rami za ka ga saman akwatin. Kafin ka kwance komai ka ɗauki hoto ta kowace kusurwa: inda kowane kebul ya bi, ta sama ko ta ƙasan wane abu ya wuce, da yadda filogin waya ya zauna. Bayan mako uku ba za ka tuna ba. Ka liƙa wa kowane kebul takarda mai suna. Kowannensu sukuru ɗaya ne ya riƙe rigarsa, bakinsa kuma zobe ne da ya shiga hannun ƙofa, wani ɗan washa mai haƙora ya danne shi. Ɗaga washan da bakin sukudireba ka sa yatsa a kansa kada ya yi tsalle ya ɓace. Zare filogin rezista, ɗan allon nan mai rage gudun fanka da ke saman akwatin, ka raba mazurarin da ke kai iska gilashi.

Akwatin ciki yana da ƙusoshi masu zare da suka ratsa bangon inji, notocinsu suna ɓangaren inji a kan murfin waje. Fesa musu man sassauta tsatsa tun daren jiya idan da hali. Na sama suna fili. Na ƙasa ta wajen madigadi shi ne mai wahala, ya ɓuya bayan rigar cikin taya. Dole ka ɗaga motar ka ɗora ta a kan matokari mai ƙarfi, ka cire tayar dama ta gaba, ka sassauta bol-bol ɗin rigar ciki da na ƙasan madigadi, ka janyo ta ka soka ɗan katako ya riƙe maka. Akwai masu huda rigar don saurin aiki. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Awa ɗaya ce za ka rage, ramin kuma zai zauna har abada yana shigo da ruwa da laka. Ka liƙa tef a bakin ƙofa da madigadi kada su gogi juna fenti ya tashi.

Da notocin sun fita, ja akwatin ciki baya kai tsaye har bututun su fita daga ramukansu, sannan ka sauke shi ƙasa. Idan ya ƙi, kada ka yi masa ƙarfi, akwai abin da ka manta. Murfin waje kuma tsohon danƙo ne ya riƙe shi bayan sukurorinsa sun fita, ka bi gefensa da wuƙar fenti a hankali kada bakinsa ya lanƙwashe.

Abin da za ka tarar a ciki

Motar da ta daɗe a ajiye, da wuya ka buɗe akwatinta ba ka ga sheƙar ɓera ba. Kada ka hura ta da iska, kada ka share ta a bushe. Kashin ɓera da fitsarinsa na ɗauke da cuta, a Amurka ƙwayar cutar hantavirus da ke kama huhu, a nan kuma zazzaɓin Lassa. Sa takunkumi da safar hannu, ka jiƙa wurin da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, ka bar shi minti biyar, sannan ka kwashe cikin leda ka ɗaure. A waje za ka yi wannan, ba cikin rufaffen gareji ba.

Sai ka cire maƙalan da suka riƙe ƙaramin lagireto ka zaro shi. Cire rezista ka ajiye shi a gefe shi kaɗai. Duk wani tambari ko takarda da ka gani a jikin akwatin ka ɗauki hotonsa da ma'auni a gefe, ko da za ka so mayar da shi. Ƙofofin suna kan sanduna ne, wasu an danne su ta yadda ba sa fita sai an huda. Idan ƙofa tana motsi kuma ba ta ruɓe ba, bar ta a wurinta ka yi aikinka a haka.

Ƙaramin lagireto: a gyara ko a canza

Na asali aikin Harrison ne, reshen General Motors da ke Lockport a jihar New York, an yi shi da jan ƙarfe da tagulla an haɗa da dalma. Yawancin sababbin da ake sayarwa alminiyam ne, wasu kuma girmansu ko lanƙwasar bututunsu ba su cika dacewa ba sai an yi ta cusa soso. Ra'ayina shi ne idan na asali zai gyaru, shi ya fi. A nan muna da sa'ar da mutanen can ba su cika samu ba yanzu, domin masu gyaran lagireto da dalma har yau suna nan a manyan garejojinmu, hannunsu kuma ya faɗa.

Fara da wanki. Sa tiyon famfo a babban bututu ruwa ya fito ta ƙaramin, wato akasin yadda yake bi a mota, domin dattin ya koma ta inda ya shigo. Kada ka buɗe famfon da ƙarfi. Ka juya, ka sake, har ruwan ya fito fari. Idan ruwa yana fita da ƙyar, a toshe yake.

Sai gwaji. Toshe bututu ɗaya da ɗan guntun tiyo da bol a ciki, ɗayan ka haɗa shi da famfon keke mai agogo. Nutsa shi cikin baho ka ba shi iska fam 15 (psi) a agogon, daidai da ƙarfin marfin lagireton motar. Kada ka kusanci na'urar mai faci, iskarta za ta kumbura tankin nan take. Ka zauna ka duba na minti goma. Kumfa daga gindin bututu ko bakin tanki aikin dalma ne, mai sauƙi. Kumfa daga tsakiyar saƙar, ko kore da farin gishiri da suka bazu a wurare da yawa, alama ce ƙarfen ya cinye. An toshe nan gobe can zai buɗe. Wannan sai a sake masa saƙa a bar tankunansa, ko a sayi sabo. Sabon ma ka gwada shi a ruwa kafin ka saka. Ba ka son ka gano laifinsa bayan ka mayar da madigadi.

Ƙarfe, tsatsa da fenti

Kankare tsohon soso da gam gaba ɗaya. Wanke da ruwan omo, ka busar a rana. Tsatsar sama buroshin waya da samfefa sun isa. Mai zurfi ka jiƙa a ruwan cin tsatsa kwana ɗaya. Idan za a fesa masa yashi, a rage ƙarfin iska, domin ƙarfen ba shi da kauri, yana iya karkacewa, bakin da ya karkace kuma ba zai ƙara zama daidai a bango ba. Ƙasan akwati, inda ruwan yoyo ke kwanciya, shi ya fi ruɓewa. Ɗaga shi ka duba da hasken rana. Ƙananan ramuka a cike su da gam mai haɗi biyu, babba a kai wa mai walda ya sa faci da wuta kaɗan-kaɗan. Ƙusar da ta karye ko ta cinye a sake ta yanzu.

Share fage hannu ɗaya, baƙin fenti hannu biyu marasa kauri. Rufe zaren ƙusoshi da mahaɗar ƙofofi da tef. Ka ba shi kwana biyu ya bushe sosai, in ba haka ba ranar farko da zafi ya taɓa shi warin fenti zai cika motar.

Soso, wanda shi ne ainihin aikin

Fenti ido yake burgewa, amma soso ne ke sa hita ta yi aiki, don haka a nan za ka ɓata lokaci. Baje duk yankan da ke cikin saitin a kan tebur, ka gwada kowane a wurinsa ba tare da gam ba. Goge fuskar ƙofa ta fita daga maiƙo. Fesa gam a ƙofa da bayan soson, ka jira ya yi danƙo ya daina jiƙa yatsa, sannan ka haɗa daga gefe ɗaya zuwa ɗayan. Kada ka ja soson, wanda aka ja yana komawa bayan ya ji zafi ya bar rata.

Ka gwada kowace ƙofa da tocila. Rufe ta, ka haska ta baya a wuri mai duhu. Inda haske ya ɓullo nan iska za ta bi. Idan ƙofar ce ta lanƙwashe, gyara ta da hannu. Idan soson ya yi kauri har ƙofa ba ta rufuwa sai da ƙarfi, rage shi da almakashi, domin ƙarfin nan kebul ne zai ɗauke shi, daga nan ya lanƙwashe ko madannin dashbod ya karye, kuma waɗannan madannai ƙarfensu mai gautsi ne. Ɗiga ɗan farin giris a mahaɗar kowace sanda.

Mayar da ƙaramin lagireto da sosonsa na kewaye, ya zauna daram ba ya girgiza, ƙarfensa bai taɓa na akwatin kai tsaye ba.

Fanka, rezista da kebul

Cire motar fanka daga murfin waje, ka kwance notin da ya riƙe kejin a sanda. Wanke kejin ka duba ko wani fiffike ya tsage. Juya sandar da hannu, ka girgiza ta gefe da gefe. Idan tana wasa ko tana ƙara, ka canza motar, kada ka yi rowa, tunda ka ga wahalar isa wurinta. Idan lafiya take, ɗigo biyu na man keken ɗinki a bakin sanda ya isa. Ɗaure ta a tebur ka ba ta wuta daga batir, waya ɗaya a filoginta ɗaya a jikinta. Wurin da wayar komawa jikin mota take zama ka kankare fentinsa ya zama farin ƙarfe. Sabon fenti a wannan wuri shi ne ke sa a gama haɗa komai fanka ta ƙi tashi.

Rezista wayoyi ne naɗaɗɗu a kan ɗan allo, su ke ba da ƙaramin gudu da matsakaici, babban gudu kuma ba ya bi ta kansu. Saboda haka fankar da ke aiki a babban gudu kaɗai, rezistanta ne ya ƙone. Gwada su da mita ko ka kai wa mai rewaya. Kada naɗin ya taɓa juna, kada ka yi musu fenti, kuma kada ka bar guntun soso kusa da su, domin suna yin zafi ƙwarai, iskar da ke wucewa ce kawai ke sanyaya su.

Kebul kuma ka rataye shi a tsaye, ka ɗiga mai ta sama kana tura wayar kana janta har man ya fito ta ƙasa. Wanda ya yi gwiwa ba ya miƙuwa, sai sabo.

Mayarwa

Kafin akwati ya koma, leƙa ramin da fanka ke jan iska, wanda ya haɗu da mazubin da ke gindin gilashin gaba. Kwashe ganye da ƙasa, ka zuba ruwa ta sama ka ga yana fita ta ƙasa bayan madigadi, ba cikin mota ba. Kankare tsohon danƙo daga bangon inji, ka shafe duk tsatsar da ka gani.

Jera sabon danƙo a bakin murfin waje zagaye ɗaya ba yankewa. Ratar da ka bari a nan hayaƙi da zafin inji za ta shigo maka da su. Nemi mutum na biyu: kai kana ciki kana tura akwatin, shi yana waje yana lura da bututun kada su daki bakin rami. Sa kowane noti da hannu tukuna, sannan a ɗaure su bi da bi, ba tamau ba. Mayar da kebul bisa hotunanka, ka ja kowane madanni zuwa ƙarshensa biyu ka ji ƙofar ta rufu kafin madannin ya kai bango.

Ƙaramin tiyo, 5/8, daga manifol na saman inji yake kawo ruwan zafi. Babban, 3/4, shi ke mayar da shi famfon ruwa. Shafa ɗan ruwan sabulu a cikin bakinsu su shige ba tare da dannawa ba. Cika da ruwan magani rabi, ruwa mai tsabta marar gishiri rabi, ba ruwan rijiya ba, domin shi ke toshe saƙar da farin dutse. Haɗa batir, ka gwada gudun fanka uku tun madigadi yana sassauce. Ta da inji marfi a buɗe, ka jira tamostat ya buɗe, a digiri 82 ko 90 gwargwadon wanda ke ciki. Ruwa zai sauka, ka ƙara, ka rufe.

Taɓa tiyo biyun. Idan duka suna da zafi, ruwa yana zagayawa, in kuma duk da haka iska ba ta yi zafi ba to kebul na ƙofar zafi ne bai zauna daidai ba. Ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, iska ce ta maƙale a ciki: ɗaga gaban motar, ka bari ta huce, ka sake. Idan an taɓa cire wa motar tamostat, kamar yadda ake yawan yi a nan, hita ba za ta yi zafin kirki ba sai an mayar da shi. Shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin akwatin ka bar ta ta kwana. Da safe in ta wayi gari a bushe, sai ka ɗaure madigadi, ka daidaita ratarsa da ƙofa, ka mayar da aljihun dashbod.